Kurakuran da aka fi yi wajen jerin pawa na sarƙaƙƙun lambobi a manhajojin aljabra

Kuskuren da ya fi yi wa masu aiki da SymPy, Maple, Mathematica ko Maxima illa shi ne amincewa da duk jerin da manhaja ta fitar, ba tare da sun binciki iyakar inda yake aiki ba. A ɗauki 1/(1+z²). Manhaja za ta ba da jerin pawa 1 − z² + z⁴ tare da alamar saura, wato alamar da ke wakiltar gaɓoɓin da ba a rubuta ba, amma ba za ta ce uffan ba a kan cewa jerin yana aiki ne kawai idan nisan z daga sifili bai kai 1 ba, domin a z = i da z = −i (i shi ne tushen −1, wanda ake gina sarƙaƙƙun lambobi da shi) lambar da ake rabawa da ita tana komawa sifili. Wanda ya saka z = 2 zai sami 13, alhali amsar gaskiya 1/5 ce, kuma ƙarin gaɓoɓi ba abin da zai ƙara sai ɓaci. Gyaran shi ne a fara gano wuraren da lissafin yake rushewa, sannan a auna nisan mafi kusa daga cibiyar jerin.

Logaridim ya fi wannan wuyar sha'ani, saboda manhajojin suna tsare kusurwar z tsakanin −π da π. Idan aka kafa jerin log z a kan −1+i, da'irar da jerin yake aiki a cikinta tana ƙetare layin lambobin ƙasa da sifili, don haka a z = −1 − 0.2i jerin da log na manhaja za su saɓa da 2πi cif, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka nan log(z²) ba kullum yake daidai da 2 log z ba; a gwada z = −1 a gani. Idan manhaja ta ƙi sauƙaƙa shi, a ganina gaskiyarta ce, kada a tilasta mata.

Alamar saura, irin O(z⁶), kada a yi gaggawar cire ta. Raba jeri da z³ yana mayar da ita O(z³), kuma wanda ya riga ya jefar da ita ba zai san ingancin amsarsa ya ragu ba. Sai an kammala lissafi a yi amfani da removeO() a SymPy ko Normal a Mathematica.

Harafin i kansa ma yana ruɗi: I babba ake rubutawa a SymPy, Maple da Mathematica, %i a Maxima, ƙaramin i kuwa ba sa ɗaukarsa a matsayin tushen −1.