Yadda ake zaɓen zarto mai inji na dogon hannu da yadda ake rage rassan bishiya da shi

Jama'a duk mazaunin Gombe ya san iskar farkon damina ba ta da wasa, daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu da Yuni hadari zai haɗo daga gabas, kafin ruwa ya sauka iska ta riga ta yaye kwano ta karya rassa, washegari ka bi ta Pantami ko Bolari ko Tumfure sai ka ga reshen dogon yaro kwance kan katanga ko kan motar mutane. Ga shi bishiyoyi sun ƙaru a gari, tun da gwamnatin jiha ta fara shirin dashen bishiyoyi na 3G (Gombe Goes Green) a 2019 an dasa da yawa a bakin titi da makarantu, yanzu sun tasa. Sare su ba shi ne magani ba, wanda ya san zafin Maris a garin nan ba zai so a taɓa masa inuwa ba. Rage musu rassa ake yi.

Abin da muka saba shi ne a kira wani yaro a ba shi adda ko gatari ya hau, ƙafa ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da reshe ɗayan yana sara. Wallahi wannan abin yana damuna, don in ya faɗo ɗan kuɗin da aka ba shi ko ɗori ba zai biya ba. Amfanin zarto mai inji na dogon hannu ke nan, kana tsaye a ƙasa kake yanka abin da ke sama. Ƙaramin injin yankan katako ne aka ɗora a kan doguwar sanda, ana zuƙo ta ana mayarwa, yawanci daga mita 2 da rabi zuwa kusan mita 4, in ka haɗa da tsayinka za ka kai reshen da ke wajen mita 5. Ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai gajere ne, inci 8 zuwa 12.

Mataki na farko, kafin ka je kasuwa je ka tsaya gindin bishiyar ka duba ta da kyau. Rassan da kake son cirewa kaurinsu nawa, tsayinsu nawa? Wannan injin na reshen da bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba ne. In ya fi haka, ko ya yi nisan da sai ka hau tsani, to aikin ba naka ba ne, nemi masu sana'ar da ke da igiya da babban inji.

Sai zaɓen iri, kala uku ne. Akwai mai waya da ake jonawa a wuta, shi ya fi araha amma ni ban cika ba da shawararsa ba a nan, sai an kawo wuta ko ka tada janareta, ga wayar tana bin ka tana sarƙewa da rassan da suka faɗo. Akwai mai batir, wannan shi ne na gida, ba nauyi sosai, ba hayaƙi, ba ƙarar da za ta dami maƙwabta, maɓalli kawai za ka danna. Za ka ga masu volt 18 ko 20, da masu 36 ko 40 waɗanda suka fi ƙarfi. Duba lambar Ah a jikin batirin, ita ke nuna daɗewarsa, nemi 4 zuwa sama, in da hali sayi biyu. In kana da injin huda bango mai batir a gida, sayi na kamfani ɗaya mai volt ɗaya, sau da yawa batirin na shiga juna. Amma fa zafi maƙiyin batir ne, kada ka bar shi a but ɗin mota ko a rana, kuma in ka gama aiki bar shi ya huce kafin ka sa a caji.

Na uku shi ne mai fetur. In kana da lambun mangwaro ko gwaba irin na wajen Dadin Kowa, ko kana son ka mai da abin sana'a kana bin gidaje da makarantu da masallatai, wannan za ka saya. Injinsa daga cc 25 zuwa 36 haka, nauyinsa na kaiwa kilo 7 zuwa 8, kuma kilo 7 a ƙarshen sanda mai mita 4 ba ɗaya yake da kilo 7 a buhu ba. Saboda haka a shagon ka ce, Alhaji don Allah a fito min da shi in ɗaga. Zuƙo sandar har ƙarshe, rataya maɗaurin a kafaɗa, ɗaga shi sama ka riƙe na ɗan mintoci. In hannunka ya fara rawa tun a shago, a gindin bishiya abin zai fi haka. Girgiza shi ka ji ko makullin sandar na riƙewa gam.

Tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce, in sarƙa ta mutu ina zan samu wata? Kowace sarƙa da lambobinta, an buga su a jikin ƙarfen, ɗauki hotonsu a waya ka ajiye. Stihl da Husqvarna da Makita suna da tsada amma suna jure aiki, Ingco da Total sun fi sauƙin kuɗi kuma sun isa aikin gida. Jabu sun yi yawa, in ka ga babban suna da farashin da bai yi kama da shi ba, ja da baya. Sayi sarƙa ta biyu tun ranar, da magagarin da ya dace da ita. A sa mai a tada shi a gabanka, a nuna bakinsa kan kwali a ba shi wuta, in famfon man sarƙa na aiki za ka ga layin mai ya fito a kwalin.

Maganar mai, nan ne injina da yawa ke mutuwa. Yawancin masu fetur haɗi suke sha, wato fetur da man 2T a tanki ɗaya. Manyan kamfanoni 50 da 1 suke cewa, ma'ana mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur, ko mililita 20 a lita 1. Wasu masu araha suna son 40 da 1 ko 25 da 1, don haka karanta littafin da ya zo a kwali. Kada ka auna da ido, sayi sirinji a kemis ka riƙa aunawa, ka haɗa a galan daban ka girgiza. Fetur kuma daga gidan mai, ba na 'yan bumburutu ba. Haɗin da ya haura wata guda kada ka zuba. Akwai ƙaramin tanki na biyu na man sarƙa, duk lokacin da ka ƙara fetur ka duba shi, mai batir ma yana da wannan tankin. Don Allah ban da baƙin man da bakanike ya juye daga mota, dattin ciki yana toshe famfo yana cinye ƙarfen.

Lokacin aiki da safe ne, ba iska ba ruwa, ba kuma dab da magariba ba. Dogon yaro a rage shi kafin damina ta kama. Mangwaro kuma sai an gama tsinke 'ya'ya, in ka yanka shi da hunturu yana fure ka zubar da amfanin shekara da hannunka.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu ɗan'uwa. Kafin ka taɓa injin ɗaga kai ka nemi wayar wuta. Sandar nan ba ta kare ka daga lantarki, ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, kuma manyan layuka na 11kV da 33kV ba sai ka taɓa su ba, wutar na iya tsallakowa in ka matsa kusa. Littafin Stihl mita 15 ya ce a bari tsakaninka da waya. Kuma kada ka ce ai an ɗauke wuta, ba ka san lokacin da za a dawo da ita ba, ba wanda zai buga maka waya ya sanar da kai. In reshen na kan waya ko kusa da ita, je ofishin JED, kamfanin rarraba wutar lantarki, ka kai rahoto, su ne za su kashe layin. Ko da za a ɓata maka mako guda kana sintiri, ka jira.

Bayan waya sai ƙudan zuma da rina, duba kogon bishiya da ƙarƙashin ganye don ƙarar inji da girgiza na tayar da su. Matsar da mota da tumaki da randa. Yara kuwa ka san da sun ji ƙara za su cika wurin, to sa babban mutum ɗaya aikinsa kawai korar su, kowa ya tsaya nesa kamar mita 15. In reshen ya tsallaka gidan maƙwabci yi sallama ka ce, Malam gobe da safe in Allah ya kai mu zan rage reshen nan, a ɗauke kaya daga jikin katanga. In kuma bishiyar bakin titi ce ta gwamnati, nemi izinin hukumar muhalli tukuna, ka sanar da mai unguwa.

Sa hular kwano, ko ta babur ce ta fi babu. Sa tabarau mai rufe ido don garin katako kai tsaye fuskarka yake zubowa, da safar hannu da takalmi sau ciki mai kauri, mai fetur kuma ka toshe kunne. Babbar riga da rawani da silifas a ajiye su sai an gama.

A ƙasa ake tada mai fetur, sarƙar ba ta taɓa komai ba. Danna ɗan famfon roba har fetur ya bayyana, rufe cok, ja igiya har ya yi tari, buɗe cok ka sake ja. Bar shi ya ɗan yi ɗumi.

Tsayuwa ita ce rabin aikin. Kada ka taɓa tsayawa ƙarƙashin reshen da kake yanka. Ja baya yadda sandar za ta karkata, kada ta wuce digiri 60 daga ƙasa, in ka ga ta miƙe tsaye saitin kanka to reshen a kanka zai sauka. Ware ƙafa, share bayanka ka san inda za ka kauce. Tsani ko saman katanga ko kan durom, duk babu, da wannan injin ƙafa biyu a ƙasa.

Dogon reshe ba a cire shi gaba ɗaya, daga baki ake farawa ana rage shi guntu guntu har a zo kusa da gindi. Ba injin wuta sosai kafin sarƙa ta taɓa itace, jingina gindin ƙarfen a jikin reshen, sai ka bar nauyinsa ya yi aikin, ba a dannawa. Kada ka yanka da tsinin bakin, nan ne yake tsalle ya ƙwace. In ya kusa ratsawa riƙe da kyau don kan injin zai so ya faɗo tare da reshen.

In ka zo wurin mai kauri yanka uku za ka yi. Na farko daga ƙasan reshen, santimita 20 zuwa 30 daga jikin bishiya, ka shiga kamar kashi ɗaya cikin uku ka tsaya. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan da na farko, har ya faɗi. Dalili shi ne in ka fara daga sama kawai, nauyin reshen zai karye shi kafin ka gama ya ɓare ɓawon bishiyar ya yi ƙasa da shi, ka bar mata dogon rauni da gara da ruɓa za su shiga. Na uku shi ne cire kututturen da ya rage. Duba inda reshen ya haɗu da uwar, za ka ga wani ɗan kumburi ya zagaye shi, yanka a gabansa kaɗan, kada ka shafe shi kada kuma ka bar dogon kututture. Daga wannan kumburin ne sabon ɓawo ke tasowa ya rufe wurin. Ba sai ka shafa fenti ko baƙin mai ba.

In sarƙa ta maƙale a cikin itace kashe injin nan take, kada ka tsaya kokawa da shi, samo gwafa wani ya ɗaga reshen daga nesa sai ka zare. Reshen da ke saman kwano kuma a ɗaure shi da igiya a sauke a hankali. Kuma kada hannu ya yi daɗi ka aske bishiyar tas, kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta ya isa a shekara. Fara da busassu da karyayyu da masu gogar juna, sannan masu barazana ga rufi. Wuya da kafaɗa za su gaji da wuri, duk bayan minti 15 ko 20 ka sauke ka sha ruwa ka kwashe rassan da suka taru a ƙafarka.

Dubi abin da injin ke zubarwa. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take fitarwa, in ka ga ya koma laushi kamar garin tuwo ta dakushe, tsaya ka wasa. Ƙurar hunturu da ke maƙale a ɓawo tana saurin kashe kaifi. Ana wasa kowane haƙori a karkace wajen digiri 30, daga ciki zuwa waje, adadin gugar ya zama ɗaya a kowanne. In ba ka iya ba kai wa masu injin yankan katako su nuna maka. Ɗaurin sarƙa kuma, kada ta yi lilo a ƙasan ƙarfen, amma ka iya jan ta da hannu in ka sa safar hannu, sabuwa tana saurin saki don haka riƙa dubawa, injin a kashe, mai batir kuma a zare batirin.

In an gama goge garin katakon da buroshi, buɗe murfin gefe ka share ramin mai, fito da filtar iska ka kakkaɓe. In zai daɗe a ajiye juye fetur ɗin ka tada shi har ya mutu da kansa don kada ya daskare a kafireto. Mayar da murfin sarƙa, rataye shi a ɗaki inda yara ba sa kaiwa, batirin kuma a ajiye shi daban a inuwa da ɗan caji a ciki.