Batir na mutuwa cikin dare? Auna kafin ka sayi sabo

Mota ta kwana lafiya, da safe an murɗa makulli sai ƙas-ƙas, shiru. Yawancin masu tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Peugeot 406 a Kaduna daga nan sai Panteka neman sabon batir, bayan mako biyu shi ma ya kwanta. Laifin ba ya wuce uku: batirin ya gaji, altaneta ba ta caji, ko wani abu na zuƙe wuta mota tana kashe. Ƙaramar mitar nan ta masu gyaran rediyo ta isa ta raba gardama.

Fara da kawunan batir. Farin garin nan mai kore-kore da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Kwance na alamar (−) tukuna, wanke da ruwan zafi, kankare, ɗaure tamau. In mai murafu ne, duba ko ruwa ya rufe farantan ciki, don zafin Maris da Afrilu na ƙafar da shi. Tataccen ruwan batir za ka ƙara, ba asid ba, ba na famfo ba.

Sai awo. Bayan mota ta huta, lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 a mita; in ya nuna 12.2, rabin caji ke nan. Sa wani ya yi kik kana kallon mita: in ta faɗi ƙasa da 9.6 alhali an cika shi da caji, batirin ya gama aiki. Da inji ya tashi, ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.5, ko an kunna fitilu. Ƙasa da 13, duba fambel ko ya saki, sannan burushin altaneta da wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Sama da 15, kat-awut mai daidaita cajin altaneta ne ya lalace yana dafa batirin, har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Don Allah kada ka yarda a zare kan batir inji na aiki don a gwada caji. Wutar kan yi tsalle ta ƙone altaneta ko kwamfutar motar, ƙaramin gyara ya zama babba.

In duk wannan ya fito daidai, to ɓarawon wuta ake nema, kuma nan ne ake son haƙuri. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Mai da mita kan ampiya 10, cire kan (−), ka haɗa mitar tsakaninsa da batir. Kada a yi kik a haka, fis ɗin mitar zai ƙone. Jira minti 20 zuwa 30 na'urori su lafa. Abin da bai wuce 0.05 ba daidai ne. In ka ga 0.3 ko fiye, riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa. Wanda ka zare lambar ta faɗi, layinsa ne mai laifi. Galibi fitilar but ce da ba ta mutuwa, ko rediyo da ƙararrawar tsaro da aka jona kai tsaye da batir. Saka waya cikin but tana ɗaukar bidiyo ka rufe, za ta tona asirin fitilar.

An zare fis duka lambar ba ta motsa ba? Cire kan (−), kwance babbar wayar bayan altaneta, naɗe bakinta da tef, ka sake aunawa. In zuƙar ta tsaya, dayod ɗin cikin altaneta, mai hana wuta komawa, shi ne ya lalace yake mai da wuta baya, sai a kai wa mai wayarin ya canza shi.