Yadda ma'aurata za su shirya doguwar tafiya a mota mai ɗaki a Amurka

A Amurka akwai wata irin mota da suke kira RV, wadda a cikinta akwai gado da murhun gas da firji da ɗan banɗaki, ta yadda miji da mata za su yi makonni a kan hanya ba tare da sun kama ɗakin otal ba. Ga mutanenmu mazauna can, waɗanda danginsu suka warwatsu tsakanin unguwar Bronx ta New York da Chicago da Houston, wannan mota tana haɗa abu biyu a tafiya ɗaya, wato zumunci da ganin ƙasa. Sai dai abubuwan biyu sukan yi ta jan juna, domin dangi ba sa son sallamar baƙo da wuri, su kuwa wuraren shaƙatawa na gwamnati ba sa jiran wanda ya makara. Yawancin shirin da ake bukata yana komawa ne ga sasanta wannan jayayya tun kafin a tayar da inji.

A fara da girman motar. Nau'i uku ne: ajin A mai kama da babbar bas, ajin B wanda ƙaramar motar kaya ce aka mayar ɗaki, da ajin C mai gado a saman kan direba. Mutum biyu ba sa bukatar ajin A, kuma a ganina duk abin da ya wuce ƙafa 25 a tsawo wahala ce kawai aka biya kuɗinta, saboda wuraren kwana na cikin gandun daji an yi su ne tun motoci ba su kai haka girma ba, har ma akwai hanyoyin da doka ta hana doguwar mota, kamar hanyar Going-to-the-Sun da ke gandun Glacier, wadda ba a yarda abin da ya haura ƙafa 21 ya bi tsakiyarta ba. Lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa a yawancin jihohi muddin nauyin motar bai kai fam 26,000 ba. Ana samun haya daga kamfani irin Cruise America, ko daga hannun masu motocin ta Outdoorsy ko RVshare, kuma wajibi ne a tambayi kuɗin kowane mil da kuɗin kunna janareto, domin a nan lissafi yake kumbura. Ranar karɓar mota a rubuta tsayinta daga ƙasa zuwa rufi a takarda a manna kusa da sitiyari, saboda wucewa ƙarƙashin gadoji.

Mu ɗauki misalin ma'auratan da ke New York, dangin matar suna Chicago, na mijin kuma suna Houston. Za su bi babbar hanya ta 80 zuwa Chicago, tafiyar kusan mil 790, sannan hanya ta 90 zuwa Dakota ta Kudu, inda gandun Badlands yake da dutsen Rushmore da aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu a jikinsa tsakanin 1927 da 1941. Daga nan sai gandun dajin Yellowstone a Wyoming, sai kudu zuwa babban kwazazzabon Grand Canyon a Arizona, sai gabas zuwa Houston a Texas, sai gida. Zagayen ya kusa mil 6,000. Motar ajin C ba ta cika wuce mil 10 a galan ɗaya ba, ke nan man da za a sha ya kai galan 600 ko fiye, kuma wannan shi ne kashi mafi nauyi bayan kuɗin haya. Tsofaffin masu wannan harka suna da ƙa'idar uku-uku-uku: kada a wuce mil 300 a rana, a isa masauki kafin ƙarfe uku na yamma, a kuma kwana uku kafin a tashi. Ko an sassauta ta ukun, ta farkon kaɗai ta nuna cewa kwana 20 na tuƙi ne zalla, saboda haka wanda ba shi da mako shida ya yanke zagayen gida biyu, ya bar Houston zuwa baɗi.

Lokacin da ya fi dacewa a tashi shi ne ƙarshen Agusta, domin a riski Yellowstone cikin Satumba, cunkoson hutun makaranta ya ragu, a kuma isa Texas cikin Oktoba bayan zafi ya lafa. Kada a jinkirta fiye da haka, don yawancin hanyoyin Yellowstone ana rufe su a farkon Nuwamba, kuma tun Satumba sanyin dare yakan kai ruwa ya daskare.

Ranakun gandun daji su ake fara tsayarwa, ranakun dangi su biyo baya. Da yawa daga wuraren kwana na gwamnatin tarayya ana kama su ne ta shafin Recreation.gov wata shida kafin ranar, kuma masu kyau sukan ƙare da wuri. A Yellowstone wurin da ke Fishing Bridge ne kaɗai yake da wuta da ruwa da magudana a kowane fili, a kudancin Grand Canyon kuma Trailer Village. Katin shekara na shiga gandunan tarayya dala 80 ne ga mazauna ƙasar, kuma a zagaye irin wannan yana mayar da kuɗinsa. Tsakanin waɗannan tsayayyun ranaku akwai sauƙi: a jihohin yamma ana iya kwana kyauta a filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, har kwana 14, wasu shagunan Walmart kuma sukan bari a kwana ɗaya a filin ajiye motocinsu idan an nemi izinin manaja.

Fita daga New York tana da nata tarko. Hanyoyin da ake kira parkway gadojin da suka ratsa samansu ƙasa-ƙasa suke kuma ba na irin wannan mota ba ne, tukunyar gas kuma ta hana bin hanyoyin ƙarƙashin kogi na Holland da Lincoln, sai dai saman gadar George Washington. Taswirar waya ta yau da kullum ba ta san tsayin motarku ba, don haka a nemi manhajar da ake shigar mata da tsawo da tsayi.

Ruwa shi ne abin da zai fi damun Musulmi. Tanki uku ne a motar: na ruwa mai tsabta, wanda a matsakaiciyar mota bai cika wuce galan 40 ba, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Alwalar mutum biyu sau biyar a rana, ga tsarki ga girki, tana cinye ruwan cikin kwana biyu ko uku idan aka saki famfo kamar a gida. Buta ce maganin wannan, a tafi da guda biyu. Wajen zubar da ƙazanta, wanda ake yi a tashoshin da aka tanada kaɗai, a sa safar hannu, a fara buɗe tankin bayan gida, sannan na wanke-wanke ya biyo ya ɗauraye tiyo. Game da salla, alƙibla daga Amurka tana arewa maso gabas, zagayen kuma zai ratsa yankunan lokaci uku, don haka a riƙa sabunta jadawalin a kowane masauki. Ƙasaru ta halatta a kan hanya, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya cika salla zai yi, kuma hakan yakan faru a gidan dangi. Naman halal a cika firji da shi a titin Devon na Chicago, domin daga nan zuwa Wyoming samunsa yana da wuya. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da garin tuwo kuwa ba sa cin wuri. A Yellowstone ba a barin abinci ko tukunya a waje saboda beyar daji, kuma doka ta ce a tsaya yadi 100 daga gare su da kyarketai, yadi 25 daga ɓauna.

Sai maganar dangi, wadda ta fi kowace bukatar dabara. Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar nan tana jan mota mai tsawon ɗaki biyu, kuma unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje da ta hana ajiye irinta a ƙofar gida, wasu biranen kuma sun hana ta kwana a titi. A tambayi mai masauki wannan tun makonni kafin zuwa, kada a jawo masa tara. Idan ba hali, a kama wuri a bayan gari a riƙa shiga da ƙaramar mota. Idan an samu ajiyewa a gidan, a sani cewa soket ɗin gida na amfiya 15 ne, motar kuma 30 take so, ke nan fitila da firji za su yi aiki amma na'urar sanyaya ɗaki za ta iya kashe wa mutane wuta. A faɗi ranar zuwa da ranar tafiya a saƙo ɗaya, a kuma bayyana cewa an riga an biya kuɗin masaukin gaba, domin wannan uzuri ne da ko surukai sukan karɓa ba tare da ɓacin rai ba. A daidaita kwanakin ɓangarorin biyu, kada a kwana biyar a Houston a kwana ɗaya a Chicago, don uwargida za ta ƙirga ko ba ta faɗa ba. Daren farko ya kamata a kwana a cikin gidan idan an gyara muku ɗaki, tun da ƙin hakan zai zama kamar raina karamci, sauran dararen kuma a koma mota da hujjar kada a takura wa yara. Tsaraba a ware ta gida-gida tun daga New York, a sa a akwatin da ke can ƙarƙashi.

A kan hanya a raba aiki a fili. A sa sunayen mutum biyun a takardar haya don kowa ya iya karɓar tuƙi, kuma tun a filin kamfanin a gwada ja da baya, ɗaya a sitiyari ɗaya a ƙasa inda direba zai gan shi a madubi, a kuma amince da alamun hannu guda uku ko huɗu. Idan uwargida ta ce, "Maigida, tsaya," to a tsaya kafin a tambayi dalili. A gangaren duwatsun Wyoming, inda mashigar Teton take da gangara kashi 10 cikin 100, a sauko da giya ƙasa injin ya riƙe motar, domin birki da aka danne tsawon mil da yawa yakan yi zafi ya saki. Kafin kowace tashi ɗayanku ya zagaya motar ya tabbatar an cire wayar wuta da tiyo, an naɗe rumfa, an kulle firji da akwatuna. Ranar mayar da mota kuma a kai ta da tankunan ƙazanta a wofi da mai yadda aka karɓa, a ɗauki hotonta ta ko'ina kafin a miƙa makulli.