Borrow da lend: duba hannun da ke miƙawa

Yaran da nake yi wa darasin Ingilishi da yamma a nan Garwa ta Kamaru, masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe: borrow da lend. Ba na ganin laifinsu. Hausa abin da aka bayar take dubawa. Keke ko tsani aro ake yi, shi ɗin za a mayar. Kuɗi ko kwanon gero kuwa rance ne, kwatankwacinsa za a biya. Ingilishi babu ruwansa da wannan, shi dai wa ya miƙa, wa ya karɓa.

To kafin ka buɗe baki, tambayi kanka: wanda na fara jimlar da shi, abin hannunsa zai shigo ko fita zai yi? In shigowa ne, borrow, kuma from ke raka ta: "I borrowed a bicycle from my uncle." In fita ne, lend: "My uncle lent me a bicycle." Keken ɗaya ne, kawun ma ɗaya, mai aikin ne ya canza. Ka lura da lent ɗin nan, ita ce lend idan aikin ya riga ya wuce. Babu lended, kada ka ƙirƙiro ta.

Wajen roƙo ne aka fi zamewa. Kana son biro, hanya biyu gare ka: "Can I borrow your pen?" ko "Can you lend me your pen?" Amma "borrow me your pen" kuskure ne. Na san masu zuwa sarin kaya Mubi da Yola suna jin ta kullum a kasuwa, kuma ana fahimtar juna, ciniki ya faɗa. Mai duba jarrabawa dai jan biro zai ja mata, kuma yana yi mini ciwo yaro mai ƙoƙari ya rasa maki a kan wannan.

Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da sauƙi: emprunter ita ce borrow, prêter ita ce lend. Sai dai a yi hattara, don a titi mutane kan ce prêter ga duka biyun.

A gida, ka samu ƙanenka ku tsaya da sefa 500. Ka miƙa masa ka ce "I lent you 500 francs," shi kuma ya amsa "I borrowed 500 francs from you." Sai ku yi musanya, ku sake da littafi, da hula, da waya, har bakinku ya saba.