In ka je taron masu shinkafa, je ka zauna kusa da abokin hamayyarka

Ni dai na yi shekaru ina zuwa taro ina dawowa da jaka da kalanda kawai, ga kuɗin mota na ƙone. Da na shiga zaure na hango mai injin casar shinkafa da muke rububin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da shi a kasuwar Jega sai in karkata in nemi kujera can nesa kamar na ga kishiya. Daga baya na gane wanda nake gudu ɗin nan shi ne mutumin da ya fi kowa sanin ciwona a duk zauren, don shi ma gas yake saye, shi ma injin cire tsakuwarsa na tsayawa ana tsakar aiki, shi ma dillalai na zuba masa jiƙaƙƙiyar shinkafa a ƙasan buhu. Mai jawabi a kan mumbari bai san wannan ba.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, aka zo aka yi Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwar jihar Kebbi da jihar Legas, a 2016, kamfanin WACOT ya buɗe katafaren injinsa a Argungu a 2017, ga kamfanin shinkafa na Labana nan a Birnin Kebbi, harkar ta wuce ta mutum ɗaya da ɗan injinsa a bayan gida. Manyan suna iya sayen shanshera tirela-tirela, kai mai ƙaramin ƙarfi in ba ka san abin da 'yan uwanka ƙanana ke ciki ba wallahi sai dai ka ji labari. Shi ya sa duk inda aka taru, taron ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN ne, ko baje kolin amfanin gona da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, ko kasuwar duniya ta Kaduna, ka tafi da niyyar ganin mutane.

Kafin ka bar gida ka zauna ka rubuta mutum uku kacal da kake son ka yi magana da su, da matsala ɗaya da ta hana ka barci. Ɗaya fa. In ka tafi da goma ba ka dawowa da amsar ko guda.

A wajen taron kuma kar ka zauna tsakiyar yaranka da mutanen garinku, waɗannan kullum kuna tare. Kuma ainihin hirar ba cikin zaure ake yin ta ba, a wajen alwala ne, da bayan sallar azahar lokacin da kowa ke neman takalminsa, da layin abinci, da teburin mai shayi da dare in taron na kwana ne. Nan za ka sami abokin hamayyar taka ya sake. Ka gaishe shi da girmansa, in ya girme ka ka ce Alhaji barka da hutawa, ya aiki ya iyali, ka faɗi sunanka da garinka ko da ka san ya san ka. Kar ka fara da tambayar nawa yake sayar da buhu, yana ji zai ɗaure fuska kuma yana da gaskiya. Fara da naka kukan. Ka ce Alhaji ni fa bana karyayya ta yi min yawa a irin shinkafar nan Faro 44, ban sani ba ko wajen turarawa ne ko shanya, ku ya kuke yi? Mutum na son a tambaye shi abin da ya iya. Haka wani dattijo daga wajen Yauri ya gaya min ina barin shinkafa ta sha rana fiye da kima sai ta tsage tun kafin ta shiga inji, ya ce in riƙa ƙarasa shanyar a inuwa. Magana ta minti biyar, ni kuma damina biyu ina zagin makanike a banza.

Kai ma sai ka bayar. Lambar makaniken kirki, inda ake samun kayan gyara a Kano ba jabu ba, wanda ke sayen ɓuntu da daraja, direban da ba ya sauke buhu a hanya. Duk waɗannan ba su rage ka da komai. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sunan manyan kwastomominka, da manoman da ka ba bashin taki a fadamar Suru ko Bunza, da ribar da kake ci a buhu, da bashin da banki ke bin ka, waɗannan ka bar su a gida. In ya matsa ka yi dariya ka ce Allah dai ya rufa asiri, ka canza magana.

Akwai kuma hirar da in ta taso gara ka tashi ka ce za ka kama ruwa. Wato a ce ku haɗa baki kar kowa ya sayi shanshera sama da kaza a hannun manoma, ko ku ɓoye kaya sai ta yi tsada. Dokar da ta kafa hukumar FCCPC mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye ta hana haɗa baki a kan farashi, addini ma ya hana ɓoye abinci, kuma manomin nan da za a danne wataƙila ƙanin babanka ne.

In kun rabu ka ajiye lambarsa da sunan garinsu, don Alhaji Shinkafa sun kai ashirin a wayar kowa. Bayan kwana biyu ka kira, kira fa, ba ka jefa shi guruf ɗin WhatsApp bai sani ba, ka tambayi ya ya isa gida. Zumunci a ƙafa yake, in ka bi ta garinsu ka tsaya ka ga injinsa. Ranar da aka ba ka odar da ta fi ƙarfinka sai ka tura masa rabi maimakon ka ce wa mai kaya babu, ranar da lodinka bai cika tirela zuwa Legas ba ku haɗa ku raba kuɗin mota. Ka fara gwada shi da buhu ashirin tukuna, ku rubuta a takarda da shaida, kafin ka kai ga tirela.