Yadda ake haɗa takobin wasa mai haske da ƙara a gida

Takobin wasa mai haske ba ya buƙatar kwamfuta ko wani ilimi mai zurfi. Wanda ya iya liƙa waya da dalma zai haɗa shi, ko don wasan kwaikwayon makaranta, ko don yara masu fita tashe da azumi. Abu biyu ne ke sa shi ya burge: haske ya bazu sumul, ƙara kuma ta biyo motsin hannu.

Ka nemi bututun roba mai gani-har-hanji, faɗin inci 1, tsawon santimita 70 zuwa 80. Shi ne ruwan takobin. Idan ka samu na polikabonet ya fi, don yana jure bugu, na akirilik kuwa tsagewa yake yi ya bar kaifi. Mariƙi kuma guntun fayif ɗin famfo ne mai faɗin inci 1 da rabi. Sai fitilar LED ta zare mai bolt 5, ƙaramin fawa banki siriri, tsohuwar wayar USB, makunni, 'yar sifika, katin memori, na'urar sauti DFPlayer Mini, da makunnin girgiza SW-18010P. Na fi son fawa banki a kan tsiraran batirin litiyom, domin yana da kariyarsa a ciki, abin kuwa hannun yara zai shiga.

Fara da hasken. Yanka zaren fitilar gida biyu daidai tsawon bututun, amma a kan alamar tagulla kaɗai, in ka yanka a wani wuri ƙwayayen gefen sun mutu. Manna su baya da baya a jikin siririn kwali mai tauri, yadda haske zai fita ta fuska biyu. A nan ne mutane da yawa ke gaggawa: su zura fitilar haka nan, sai a riƙa ganin ƙwayaye ɗigo-ɗigo kamar adon motar biki. Ka naɗe ta da farin soson nan mai laushi da ake kunsa sabon talabijin da shi, zagaye biyu ko uku, har ta shige bututun da ɗan matsi. Sannan ka goge bayan bututun da sanfefa mai laushi har ya yi hazo. Gwada a ɗaki mai duhu kafin ka toshe baki. In ɗigon bai ɓace ba, ƙara soso. Bakin kuma ka sa masa abu mai laushi mai zagaye, kada ka yi masa tsini.

Yanzu wuta. Yanke wayar USB, ka bar ɓangaren da ke shiga fawa banki, ka ɗauki ja da baƙa daga cikinta: ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce ta ƙasa. Ja ta bi ta makunni tukuna, daga nan ta rabu biyu, ɗaya zuwa fitila, ɗaya zuwa ƙafar na'urar sauti mai rubutun VCC, wato mashigar wuta. Baƙaƙen wayoyi duka, har da ta fitila, su haɗu a ƙafarta mai rubutun GND, wato ta ƙasa. Rufe kowace mahaɗa da salatif.

Sautin da kanka za ka ɗauka. Ka kaɗa tsumagiya kusa da bakin wayarka, ko ka goga cokali a jikin ƙarfe, ka datse abin ya koma daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka mayar da shi MP3, ka zuba a katin memorin da zai shiga na'urar sauti. Katin kada ya wuce gigabait 32, a fara share shi (fomat) a tsarin ajiya na FAT32. Lura da wannan: na'urar tana bin jerin yadda aka zuba fayiloli ne, don haka ƙarar da kake so ita za ka fara sawa. Sifika ta hau ƙafafun na'urar masu rubutun SPK1 da SPK2, kada ta wuce wat 3.

Makunnin girgiza ɗan sifirin ne kewaye da tsinken ƙarfe. Da an kaɗa, sai su taɓa juna. Haɗa ƙafarsa ɗaya da ƙafar ADKEY1 ta na'urar sauti, ɗayar da GND. Duk taɓawa, na'urar za ta buga sauti na farko. Ka ajiye shi a gindin ruwan takobin, ba can ƙasan mariƙi ba, don a wajen ruwan motsi ya fi ƙarfi. Idan ya cika zumuɗi yana kuka ko da yaro na tafiya ne kawai, canza shi da SW-18020P, wanda bai kai shi saurin ji ba.

Zura fawa bankin cikin mariƙi, ka cusa soso kada ya riƙa kwaramniya. Sifika ta zauna a gindin mariƙi, ka sa masa murfi, ka huda murfin ƙananan ramuka, kuma kada ka liƙe murfin da gam, ta nan za a riƙa caji. Ruwan takobin ya shiga mariƙi aƙalla santimita 5, a ɗaure da ƙananan kusoshi masu murɗi guda biyu, a kiyaye kada su huda waya. Ka naɗe mariƙin da fata ko igiya don kada ya suɓuce. A cire fawa bankin idan za a ajiye takobin, kuma kada a bar shi cikin rana ko cikin mota a rufe.