Ga wanda ya haura arba'in zai shiga gasar ɗaga ƙarfe karon farko

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da na koya da jikina.

Ɗagawarka ta farko, zaɓi nauyin da kake iya yi sau uku a jere ko da ba ka yi barcin kirki ba. A gasa kana da dama uku a kowane nau'i: tsugunno (ka tsuguna ka miƙe da sandar ƙarfe a kafaɗa), benci (kana kwance a benci ka tura sandar sama daga ƙirji), da ɗagowa daga ƙasa. Idan ka faɗi ta farko ba a yarda ka rage nauyi, sai dai ka maimaita ko ka ƙara. Ka faɗi duka ukun a nau'i ɗaya kuwa, ba ka da jimilla, wato haɗin nauyi mafi girma da ka ɗaga a kowane nau'i, ka tashi a tutar babu. Ni girman kai ya sa na buɗe tsugunno da kilo 150, wai kada yara su raina ni. Alhali a tsarin IPF, hukumar wannan wasa ta duniya, 'yan 40 zuwa 49 rukuninsu daban, ba ruwanka da yaran.

Sai umarnin alƙali. A benci sai sandar ta tsaya cak a ƙirjinka ya ce tura, bayan ka miƙe hannu kuma ka jira ya ce mayar da sandar mazauninta. Ni na ɗaga lafiya lau, murna ta sa na mayar kafin ya buɗe baki, sai ga jajayen fitilu uku, alamar alƙalai ba su karɓa ba. Idan ya rage wata ɗaya a yi gasar, sa abokin atisayenka ya riƙa ba ka umarnin da ƙarfi.

Makon ƙarshe ka sassauta, gwiwa da ƙugu a shekarunmu ba sa hucewa da wuri. Mai hawan jini kuma ya fara ganin likita, don riƙe numfashi lokacin ɗagawa yana tayar da jini sosai.